Daga Kan Burtu Zuwa Rigar Ɓacewa ta Cikin Katun

Duk wanda ya taɓa bin titin da ya tashi daga Birnin Kudu ya nufi Gwaram da tsakar rana a watan Afrilu ya san kawalwalniya. Can gaba kwalta takan yi sheƙi kamar an malala ruwa, motar da ke tahowa ta yi ta rawa, tayoyinta su narke, itatuwan gefen hanya su karkace kamar ana kallonsu ta gindin kwalba. Direba ba ya rage gudu, don ya san babu ko ɗigon ruwa a wurin. Iskar da ke kwance a kan kwalta ce ta fi ta samanta zafi, shi kuwa haske in ya ratsa tsakanin iska mai zafi da mai sanyi sai ya lanƙwasa, ya kawo wa ido hoton sararin sama daga inda ƙasa take.

Irin wannan rawar hoto ce yaran garuruwan nan suke kallo da yamma, a wayar yayyensu ko a tashoshin katun na tauraron ɗan'adam, idan jarumi ya taɓa wani maɓalli a rigarsa ya ɓace. Ba ya ɓacewa ɗungurungum. Wani abu mai siffar mutum yakan rage yana tafiya, bango da fitilun da ke bayansa suna murɗewa a jikinsa. Dattijon da ya leƙa ta kafaɗar yaran yakan ce, "Ai wannan layar zana ce ta Turawa," a yi dariya, a wuce wurin.

Maganar tana da daɗin ji, amma ta kauce wa abin da ke faruwa a allon, kuma kaucewar tana jawo asara. Layar zana, yadda ake ba da labarinta, ba ta da bayani. A damƙe ta, a jingina da zana ko bango, a nemi mutum sama ko ƙasa a rasa. Haka ake faɗa game da baduhu. Ɓacewar da ke cikin katun na almarar kimiyya kuwa, in dai na ƙwarai ne, tana tafe da dalili, tana da iyaka, tana da wurin da take lalacewa. In za a nema mata dangi a al'adar Bahaushe, a gidan maharba za a same shi, wurin kan burtu. Yaron da aka nuna wa wannan bambanci ya sami ƙofar shiga darasin haske, ya kuma hango sana'a. Wanda aka sallama da "siddabaru ne kawai" ya tashi hannu rabbana.

Matsalar farko da mai zane yake karo da ita ita ce, in jarumi ya ɓace da gaske, mai kallo ba zai ga komai ba, labari kuma ya mutu. Dole a nuna wanda ba a gani. Tsofaffin katun na Amurka sukan warware wannan da fararen layuka: a zana gefen mutum ko na jirgi, a bar cikinsa wayam. A 1987 fim ɗin Predator, wanda masu kallo a nan suka fi tunawa saboda Arnold Schwarzenegger, ya zo da wata dabara da ta zama abin koyi. An sa wa ɗan wasa jan kaya tun daga kai har ƙafa, saboda ja ne ya fi nisa da koren daji da shuɗin sama, aka ɗauke shi yana motsi. Aka cire jan daga hoton, ya bar rami mai siffar dodo. Sannan aka sake ɗaukar dajin babu kowa, da gilashin kyamara mai faɗin gani fiye da na farko, aka cike ramin da wannan hoto na biyu. Ganyen da ke cikin ramin bai daidaita da na wajensa ba, sai ido ya ga daji yana tafiya a cikin daji.

A fagen katun, aikin da ya kafa tuta shi ne Ghost in the Shell, wanda Mamoru Oshii ya ba da umarni, kamfanin Production I.G na Japan ya zana, ya fito a watan Nuwamba na 1995. An ɗauko shi daga littafin zane na Masamune Shirow, labarin kuma yana faruwa ne a 2029. Ya kamata iyaye su sani tun da wuri cewa wannan fim na manya ne, akwai zubar da jini da tsiraici a cikinsa, ba abin da za a kunna wa yara ba ne. Amma mai son sanin yadda ake zana ɓacewa ba shi da makawa sai ya san abin da aka yi a ciki, domin katun da dama da suka biyo baya daga can suka ɗebo.

Katun hotuna ne da ake jerawa da sauri, 24 a kowace daƙiƙa a allon silima, kuma kowane hoto hawa-hawa ne. Bango, wato titi ko kasuwa ko daji, yana ƙasa. Mutane suna sama, a da a kan fallen roba garai-garai, yanzu a cikin kwamfuta. Don a ɓatar da jarumi, sai an fara zana shi cikakke, taku bayan taku, kamar za a nuna shi. Daga nan a zare masa launi, a bar siffarsa kawai. Sai a umarci kwamfuta cewa duk ɓangaren bangon da ya faɗo cikin wannan siffa a gusar da shi kaɗan daga mazauninsa. A ƙirji da ciki, inda jiki ke fuskantar mai kallo, gusawar ba ta da yawa. A kafaɗu da gefen hannuwa, inda jiki ya lanƙwasa, sai a tsananta ta, kamar yadda rubutun da ke bayan kwalbar lemo ya fi murɗewa a gefenta. A ƙara siririn ƙyalli a baki-baki, wani lokaci a bar inuwa a ƙasa. A manhajojin zane na yau abin ya ƙara sauƙi: a ba jikin jarumi halin gilashi, a rubuta masa lamba guda da ke nuna ƙarfin lanƙwasa haske. Ta iska 1 ce, ta ruwa 1.33, ta gilashi kusan 1.5, ta lu'ulu'u 2.4. In aka rubuta 1, mutum ya ɓace sarai. In aka ɗaga ta ƙiris, sai kawalwalniya mai ƙafa biyu ta bayyana.

Abin da ya sa aikin Oshii ya zauna a zukatan mutane shi ne yadda ya riƙa tona wa rigar asiri. Akwai wurin da wani mai laifi ya sa rigar ɓacewa ya kutsa kasuwa, ana gane shi ta mutanen da yake bangajewa da kayan da ke murɗewa a inda ya gifta. Aka ƙare da shi a cikin ruwa iya idon sawu, jarumar, Manjo Kusanagi, tana dukansa ba a ganinta, sai fantsamar ruwa da inuwarta. A ƙarshen fim, wata tankar yaƙi ta ɓuya a cikin tsohon gini. Jarumar ta sa a harbe rufin gilashin da ke sama, ɓaraguzai suka zubo a kan tankar, ta bayyana. Masu kallon fina-finan Indiya sun san irin wannan doka tun daga Mr. India na 1987, inda Anil Kapoor yake ɓacewa da na'urar da yake ɗaurawa a hannu, amma jan haske ko jan gilashi yana fallasa shi. A katun ɗin The Incredibles na 2004, yarinyar nan Violet tana ɓacewa, tufafinta ba sa ɓacewa, sai da aka ɗinka mata na musamman. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan marubuta ya zauna ya tambayi kansa abin da zai faru da gaske, ya gina labarinsa a kan amsar.

Tambayar yadda ido ke gani kuwa tsohuwa ce, kuma Musulmi ne ya fi kowa gyara mata zama. Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Kafin shi masana da yawa sun ɗauka ido ne ke harba wani haske waje. Tun a 984 ma Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar lanƙwasar haske a Bagadaza. In aka karɓi maganar Ibn al-Haisam, ma'anar ɓacewa ta fito fili: hasken da ke tasowa daga bayan mutum ya isa idon mai kallo kamar babu kowa a tsakani.

Malamin kimiyya a Birnin Kudu zai iya nuna wannan da kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Ya zuba man gyaɗa a kofin gilashi, ya ɗauko ƙaramar kwalbar gwaji irin mai jure wuta da ake da ita a ɗakin gwaje-gwaje, ya cika ta da man, ya nutsar da ita. Ɓangaren da ya shiga man zai kusa ɓacewa, saboda lambar man da ta wannan gilashi duka suna wajen 1.47, haske yana wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da ya karkace ba. Ɗalibin da ya ga kwalba ta ɓace a cikin man da mahaifiyarsa ke soya ƙosai da shi ba zai sake mantawa da darasin ba.

Jikin mutum dai ba gilashi ba ne, don haka sai an bi wata hanya, kuma mafi tsufa ita ce ta maharbi. Burtu tsuntsu ne babba, baƙi, mai dogon baki da ƙoƙo a ka, yana yini a ƙasa yana tsintar ƙwari da ƙadangaru. Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Maharbi sai ya sassaƙa itace mai siffar wuyansa, ya naɗe da fata, ya ɗora ƙoƙon kan tsuntsun da bakinsa, wani ma ya liƙa masa idon zakara, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe jiki da baƙin zane, ya durƙusa ya shiga ciyawa. Yana jan jiki yana kaɗa kai, yana saran ƙasa kamar mai kiwo. Barewa ta ɗago ta ga burtu, ta mayar da kai ga ciyawarta. Daga nan Hausa ta sami "shigar burtu", irin waɗannan kawuna kuma yau suna ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka.

A duba yawan sharuɗɗan da ke kan wannan mutum. Dole ya zo ta inda iska ba za ta kai ƙanshinsa ga dabba ba. Dole tsayin ciyawa ya rufe gwiwa da baka. Dole takunsa ya zama na tsuntsu, ya tsaya inda tsuntsu zai tsaya, ya yi haƙurin da tsuntsu ke yi. In iska ta juya, ko kara ya karye a ƙarƙashin gwiwarsa, aikin yini ya tashi a banza. Duk dattijon maharbi da za a tambaya a Fagam ko Farin Dutse zai yi dogon bayani a kan iska da sawu da lokacin da rana ke bayan mutum, bayanin da aka tara ta kallo da gwadawa da kuskure. Injiniyan da ke ƙera rigar ɓacewa irin wannan lissafi yake yi, kayan aikinsa ne kawai suka bambanta.

Ita ma hawainiya, wadda ake buga misali da ita, kimiyya ta leƙa cikin fatarta. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janiba suka nuna cewa a fatar wata irin hawainiya ta Madagaska akwai ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli a jere, in tazarar da ke tsakaninsu ta sauya sai launin da suke mayarwa ya sauya. Sau da yawa ma don fushi ko neman mace ko zafin rana take rikiɗa. A 2021 injiniyoyi a Koriya ta Kudu suka ƙera mutum-mutumin hawainiya mai na'urar gane launi a ciki, yana tafiya yana sauya fata daidai da abin da yake takawa.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauki hoton abin da ke bayan mutum a manna masa a gaba. A 2003 Farfesa Susumu Tachi na Jami'ar Tokyo ya nuna wa duniya wata rigar ruwa da ake ganin masu wucewa ta cikinta, abokin aikinsa Masahiko Inami kuma bai ɓoye cewa labarin Shirow ya zaburar da shi ba. An lulluɓe rigar da ƙananan ƙwayoyin gilashi irin na rigar jami'an kiyaye haɗurra da allunan titi, masu mayar da haske daidai inda ya fito. Kyamara tana baya tana ɗauka, majigi yana haska hoton a gaban rigar. Sai dai mai kallo dole ya tsaya a wuri guda ya leƙa ta wani madubi. In ya matsa gefe, mutum kawai zai gani sanye da riga mai ruwan toka. Amfanin da masu binciken suka hango ma na zaman lafiya ne: direba ya ga abin da ke bayan motarsa ta cikin kujera, matuƙin jirgi ya ga filin sauka ta ƙarƙashin ƙafarsa.

Hanya ta uku ita ce wadda katun suka fi so, wato a sa haske ya kewaye mutum ya haɗe a gabansa, yadda ruwan rafi ke kewaye dutse. A 2006 John Pendry na Landan da David Smith na Jami'ar Duke a Amurka da abokan aikinsu suka gwada haka. Sun jera zobba goma, wani cikin wani, masu ɗauke da ƙananan zane-zanen tagulla, faɗin duka bai fi tafin hannu da yatsu ba, suka ɓoye guntun tagulla a tsakiya. Abin ya yi aiki, amma ga igiyoyin maikurowef masu tsawon 'yan santimita, kuma iri guda tak. Igiyar hasken da ido ke gani ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, ga shi launuka da yawa ne a haɗe, kowane da yadda yake lanƙwasa. Zane-zanen da za su juya shi dole su fi shi ƙanƙanta, a kuma shimfiɗa su a riga mai naɗewa da motsi. Har yau babu wanda ya yi wannan.

Ko da an yi, akwai cikas da katun suka saba tsallakewa. In duk haske ya kewaye mutum, babu wanda zai shiga idonsa, mai rigar ya zama makaho a cikin rigarsa. Masu nazari sun daɗe da nuna wannan gibi a littafin H. G. Wells na 1897 game da mutumin da ba a gani. Sannan ga zafin jiki. Mutum yana fitar da wani haske da ido ba ya gani amma kyamarar zafi tana gani, ko da tsakar dare. Shi ya sa Shirow ya sanya wa rigarsa sunan da ya haɗa zafi da gani, shi ya sa kuma kamfanin BAE Systems ya nuna a 2011 wata tanka da aka lulluɓe da fale-fale masu kusurwa shida, ana ɗumama su ko sanyaya su ɗaya-ɗaya, har tankar ta fito kamar ƙaramar mota a kyamarar zafi. Da ido kuwa tanka ce ƙiri-ƙiri.

A nan maganar ta wuce nishaɗi. A ƙasar da matasa ke shiga daji farauta ko aikin sa-kai, wasu suna dogaro da abin da aka ɗaura musu a damtse, sanin yadda gani yake aiki yana iya zama sanadin tsira da rai. Jirgi marar matuƙi mai kyamarar zafi yana ganin jiki mai ɗumi a cikin duhu, komai aka rataya masa. Iyayen da ke tsoron katun zai cusa wa yaro son tsafi suna da dalilin damuwa, kuma tace abin da yaro ke kalla haƙƙi ne a kansu. Amma hana kallo kaɗai ba ya cire tambayar daga kan yaro. Abin da ke cire ta shi ne wani ya zauna da shi ya nuna masa cewa hoton nan hawa uku ne, ga bango, ga siffa, ga lissafi, kuma mutane ne irinsa suka kwana suna haɗawa.

Masu shirya fina-finan Hausa su ma suna da abin ɗauka. Yadda aka saba nuna ɓacewar aljani ko boka shi ne a tsayar da kyamara, ɗan wasa ya fice, a ci gaba da ɗauka, a ƙara hayaƙi da ƙara. Georges Méliès ya yi wannan a Faransa a 1896, ya ɓatar da wata mata daga kan kujera. Rashin kuɗi ba shi ne duka dalilin tsayawa a nan ba, domin abin da ya fi ƙaranci shi ne doka. Wanda zai iya ɓacewa duk lokacin da ya so, ba sharaɗi ba farashi, babu abin da zai sa zuciyar mai kallo ta buga saboda shi. Kuma ba a ce Hausa ba ta san almarar kimiyya ba: tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya. Kamfanin Kugali kuma ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú a 2024, labarin Legas ta gobe, har da mutum-mutumin ƙadangare irin wanda ke kan kowace katanga a ƙasar nan. Sun ɗauki abin gida sun ba shi injin.

In ana maganar zane, Birnin Kudu ba baƙuwa ba ce. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka riga mu suka bari a jikin duwatsu, wasu an cike jikinsu da jan launi, wasu gefensu aka fi fitarwa. Bernard Fagg ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950, tare da duwatsun nan masu amo da ake kaɗawa, yau kuma suna ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Mai ziyara yakan tsaya ya ƙura ido kafin saniya ta rabu da launin dutse, ƙaho ya fito, sannan baya, sannan ƙafafu. Wanda ya zana ta ya san abin da mai zanen Tokyo ya sani, cewa ido gefen abu yake fara nema, in ya sami gefe sai ya cike sauran da kansa. Ɗaukar ɗalibai daga aji zuwa gindin waɗannan duwatsu tafiya ce ta 'yan mintoci.

Kayan aiki ma sun sauko. Manhajar Blender kyauta ce tun 2002, kowa zai iya sauke ta, kuma da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya da ƙaramar tawagarsa suka yi fim ɗin Flow, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a watan Maris na 2025, ya doke manyan kamfanonin Amurka. Lambar lanƙwasa hasken nan da aka ambata tana nan a cikinta, akwati ne guda da ake rubuta adadi. Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka fara a 2023 ya sa zane mai motsi cikin fannonin da yake koyarwa. Jigawa tana da cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, da Jami'ar Tarayya a Dutse, da ta jiha a Kafin Hausa. Gaskiya ne wuta tana wahala, kwamfuta mai ƙarfi tana da tsada, yaron Kila ko Sundimina ba zai same ta a ɗaki ba. Amma ɗaki guda mai sola da kwamfutoci kaɗan, a makaranta irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ko wata sakandare a Gwaram, inda malamin fiziks da malamin zane za su riƙe ƙungiya ɗaya da yamma, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba. Ya kamata a yi, kuma a buɗe wa 'yan mata ƙofar daidai da maza.

Abin da yaran nan za su kawo wanda Tokyo ba ta da shi shi ne ƙasarsu. Oshii ya tona asirin rigarsa da ruwa da gilashi saboda birninsa na ruwa da gilashi ne. A ce wani ɗalibi ya sa wa ɓarawo rigar ɓacewa ya shigar da shi kasuwar Sara ranar da take ci, a tsakiyar hunturu. Hazo zai fara sauka a kafaɗunsa da tsakar kansa, siriri, kafin azahar siffarsa ta fara fitowa fari-fat, domin ƙura ba ta san lambar gilashi ba. Sawunsa zai riƙa bayyana a rairayi ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin mai tsire zai rabe gida biyu a inda ya tsaya. Awaki za su dare, kare zai yi ta haushin wurin da babu kowa. In ya bi ta inda mata ke sheƙar gero, ƙaiƙayi zai manne masa, ya sa shi atishawa. Rigar kuma da batir take aiki, batir yana zafi, a sanyin asuba wani ɗan tururi zai riƙa tashi daga bayansa.

Kafin ɗalibin ya zana ko da daƙiƙa biyar na wannan, hotuna 120 ke nan in zai cika 24 a kowace daƙiƙa, sai ya je kasuwar da littafinsa ya zauna kusa da masu awo. Zai duba ta wane gefe ƙura ke fara taruwa a hular mutum, da tsawon inuwa da hantsi da kuma bayan la'asar, da yadda akuya ke karkata kai kafin ta kauce. Daga nan ya nemi tsohon maharbi a unguwarsu, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, in mutum yana son kada dabba ta gan shi, ta ina yake fara zuwa?"